Na ci bak D, ina son zama injiniya: in zauna Damagaram, in tafi Maraɗi, ko in gwada Yamai?

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito, Allah ya ba ni sa'a, na ci tun zagayen farko. Seri D na yi, ɓangaren kimiyya, a nan Damagaram. Lissafina ba laifi, fizik ne hannuna ya fi faɗawa, darasin halittu kuwa haddace shi kawai na yi don kada ya ja ni ƙasa. Injiniya nake son zama. To amma da aka ce a haɗa dosiye, wato takardun neman gurbi, a zaɓi inda za a je, sai na tarar ban ma san ƙofar da ake bi ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wata daban.

Ga yadda abin yake a gidanmu. Yayana mai walda ne, shi ke haɗa wa masu foraj, wato rijiyar burtsatse, ƙarafan da ake ɗora tankin ruwa da na faifan sola. Duk hutu ni ne yaron shagonsa, ina riƙe ƙarfe, ina awo, ina yanka. Mun sha zuwa ƙauyukan Mirya da na Takeita kafa kaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin mu je akwai wanda ya riga ya rubuta a takarda cewa famfo mai ƙarfi kaza za a saka, faifai kaza, bututu mai faɗi kaza, tanki a tsayi kaza. Mu dai namu aiwatarwa. Wannan lissafin nake son in iya.

Baba magana ɗaya gare shi: fetur. Ya ce ga matata nan a hanyar Tanut, ga sashen man fetur a jami'ar garinmu, in yi karatuna ina kwana gida ina cin tuwon gida, in na gama in shiga matatar, wato SORAZ. Inna tana bayansa, ba don fetur ba, don kada in yi nisa. Kawuna da ke Fagge ya ce in zo Kano, wai digirin Najeriya ya fi. Wani mushenmu, malaminmu na makaranta, ya ce in ba EMIG, makarantar injiniyoyi ta Yamai, ba duk sauran ɓata lokaci ne, wani abokina kuma ya ce ɗan D ba ya cin konkur, wato jarrabawar shiga, ta EMIG, sai ƴan C da E.

Don Allah wanda ya bi hanyar nan ya warware mini. Mene ne bambancin DUT da lisans da takardar injiniya? Ɗan D zai iya? Fetur ɗin nan kuma, da gaske shi ya fi samun aiki? Ƙarfin gidanmu kaɗan ne, ba zan iya ɓata shekara in sake sabon lale ba, shi ya sa nake son in ga hanyar tun daga farko har ƙarshe kafin in ɗaga ƙafa.

Mai Lantarki na Zengu ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanena, Allah ya sa albarka a ciki. Ni ta DUT ɗin lantarki na bi, na yi aiki, daga baya na koma na ƙarasa karatun injiniya, yanzu aikina kula da injuna da layukan wuta. Bayanina zai yi tsawo, ka yi haƙuri.

Mu fara da takardun, don a nan yara ke ruɗewa. DUT shekara 2 ce bayan bak, a IUT, wato cibiyar fasaha ta jami'a, ake yin ta, kuma babban ma'aikacin fasaha take fitarwa: mutumin da zai karanta zane, ya haɗa, ya auna, ya gyara, ya shugabanci ƴan aiki a shantiye, wato filin da ake aikin. IUT uku aka buɗe a 2008, Maraɗi da Tawa da Damagaram, su ne kuma suka zama jami'o'i a 2010. Tun farko an raba musu aiki. Maraɗi ta samu gini da lantarki da kanikanci, Tawa ta samu harkar kuɗi da gudanarwa, tamu ta nan ta samu su tsarin birane da sufuri, aka zo aka ƙara tsaron lafiyar ma'aikata da muhalli, da man fetur ɗin da Baba ke magana. Ka ga ke nan ainihin abin da ka kwatanta, wato famfo da wuta da ƙarfe, Maraɗi ya fi karkata, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Lisans shekara 3 ce, samista 6, kowanne kiredi 30, jimla 180. Iri biyu ce, kuma a nan za ka buɗe ido. Akwai ta sana'a, wadda sau da yawa mai DUT ke ƙara shekara ɗaya ya samu. Akwai kuma ta zallar ilimi, irin lisans ɗin fizik ko lissafi ko shimi a tsangayar kimiyya. Wannan ta biyun ilimi ce mai nauyi, amma ba za a koya maka zanen injuna ko zaɓen kebul ko auna ƙarfin ginshiƙi ba. Da yawan masu ita aji suke komawa koyarwa, wanda ba abin raini ba ne, sai dai mutum ya shiga da saninsa. Na ga yara sun yi rajistar fizik suna zaton injiniyoyi za su fito.

Takardar injiniya kuwa shekara 5 ce bayan bak. Gidanta a ƙasar nan shi ne EMIG a Yamai, ƙetaren kogi. Tsohuwar ƙungiyar tattalin arzikin yammacin Afirka, CEAO, ce ta kafa ta a 1982, ta fara karɓar ɗalibai a 1990, daga baya ta dawo hannun gwamnatin Nijar. Akwai ma'adinai, ilimin duwatsu, gini, lantarki, kanikanci da kwamfuta. Abin da mushenku bai gaya maka ba shi ne ƙofofinta biyu ne. Ana shiga da bak a yi zagayen farko, ana kuma shiga zagayen injiniya da takardar da ta wuce bak, irin DUT ko lisans, ta hanyar konkur. Saboda haka wanda bai samu shiga bana ba, ba a rufe masa ƙofa ba.

Sai maganar fetur. Baba ba laifinsa ba ne, abin da ido ke gani ke nan, tankoki suna wucewa dare da rana. Amma a duba abin da kyau. An buɗe matatar a watan Nuwamba na 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, kamfanin Sinawa na CNPC na da kashi 60, gwamnati na da 40. Matata ɗaya ce a duk ƙasar, kuma ba kowace shekara take sake ma'aikata ba, alhali kowace shekara ana yaye sababbin ɗalibai. Na biyu, wanda mutane ba su cika lura da shi ba: ainihin ilimin man fetur, wato haƙa rijiya da sanin yadda mai ke kwance cikin dutse da yadda za a fito da shi, aikinsa yana Agadem ne can jihar Difa, cikin hamada, ba a hanyar Tanut ba. Cikin matata kuwa abin da ke akwai shi ne famfuna, tukwanen dafa ɗanyen mai, bawul, na'urorin auna zafi da matsi, janareto. Masu kula da waɗannan ƴan shimi ne da kanikanci da lantarki. Haka bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a ƙasar Benin, wanda ya fara aiki a 2024: tashoshin tura mai ne a kan hanya, famfo da wuta ke nan. Ma'ana mai takardar lantarki ko kanikanci yana iya shiga harkar fetur, in kuma bai samu ba ga kamfanin wuta na NIGELEC, ga simintin Malbaza, ga gawayin SONICHAR, ga kamfanonin waya, ga sola. Mai takardar fetur zalla in ƙofar nan ɗaya ta rufe sai ya jira. Ƴan Arlit sun ga irin haka da aka rufe mahaƙar uraniyum ta COMINAK a 2021. Waɗanda suka iya gyaran injin da haɗa wuta su suka fi saurin samun wani wurin.

Wuta kuwa ba sai na gaya wa ɗan Damagaram ba. Yankinmu da Maraɗi layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa muka daɗe muna dogaro da shi, kuma kowa ya ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke. Tashar sola ta Malbaza megawat 7 ce, ta Gorou Banda 30. Ƙasa mai rana irin tamu, wannan somin taɓi ne.

Da ni ne kai, dosiye uku zan ajiye. In zauna konkur ɗin EMIG ko da ana cewa ba zan ci ba. In nemi IUT ta Maraɗi, lantarki ko kanikanci. In kuma yi rajista a nan Jami'ar André Salifou don kada shekara ta wuce ni a zaune. Abin da ya sa nake son DUT ga ɗan talaka shi ne, bayan shekara 2 kana da takardar da za ta ci da kai. In Allah ya kawo wani abu a gida ka tsaya, ba ka fita hannu wofi ba. Wanda ya ɗauki doguwar hanya ya tsaya a shekara ta biyu, bak ɗinsa kawai ke hannunsa.

Tsohon Mushe, Birni ya rubuta:

Ɗana, barka. Na koyar da lissafi a lise har na yi ritaya, ƴan C da ƴan D duk sun bi ta hannuna. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Ana karɓar ɗan D a karatun injiniya, kuma suna gamawa. Amma ɗan C ya fi ka awoyin lissafi da fizik tun daga aji na biyun ƙarshe, ɗan E da ƴan F na lise teknik irin Dan Kassawa ta Maraɗi kuma sun riga ka riƙe fensirin zane. Giɓin yana nan, ƙaryata shi ba ya cike shi.

Inda yara ke faɗuwa ba a darussan sana'a ba ne, a samista biyu na farko ne: analiz, aljabra, makanik. A lise ana ba ka dabara ka yi aiki da ita. A jami'a za a ce ka nuna dalilin da ya sa dabarar ta zama gaskiya, kuma malami zai cika allo ya goge ba tare da ya waiwayo ba. Duk abin da za ka koya daga baya, ƙarfin kayan gini ne, gudun ruwa a bututu ne, wutar da ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa ce, a kan wannan lissafin yake zaune. Wanda ya haye shekarar farko da ƙyar ya ci gaba, kamar mai ɗora bene ne a kan katangar laka.

Saboda haka hutun nan ba na zaman fada da shayi ba ne. Ka nemi littafin lissafin taminal C wurin wanda ya gama, ka bi lambobin kwamfleks har su zama maka ruwan sha, domin lantarki gaba ɗaya da su ake rubuta shi. Ka bi intagiral, ka bi ikwasiyon difaransiyal, ka bi bektoci da jometirin sarari. Kullum da safe kafin ka tafi shagon yayanka, ka warware lissafi da hannunka, ba kallon yadda wani ya warware a waya ba. Ka kuma nemi tsofaffin tambayoyin konkur wurin ɗaliban da suka zo hutu.

Tsarin kiredi ma ka fahimce shi tun yanzu. Darussa a dunƙule suke rukuni-rukuni, ana cin rukuni da maki 10 bisa 20, wani darasi yana iya ɗaga wani a cikin rukunin. Wannan ya sa wasu ke sakaci da lissafi suna dogaro da darasi mai sauƙi ya ɗaga su. Suna hayewa, amma ranar da za su nemi zagayen injiniya ko bursun waje, takardar makin kowane samista ake dubawa, a ga 7 a analiz.

Kuma tunda sola ke ranka, ka san ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992 ɗan Tasawa ne, masanin fizik, shi ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun iyayenka suna yara. Ta lissafi da fizik ya bi.

Ƴar Ruwa ta rubuta:

Salamu alaikum. Yaya Mai Lantarki, na yarda da kai kan fetur, amma ka ja yaron nan wajen sana'arka, ni ma bari in ja shi wajen tawa. Ƙanena, ka sake karanta abin da ka rubuta. Famfo, bututu, tsayin tanki. Wannan aikin injiniyan ruwa ne, wutar ɓangare ɗaya ce a ciki.

Bari in nuna maka abin da ke cikin takardar nan da kuke bi. A ce ƙauye yana son lita 10,000 a awa. Daga inda ruwa ke tsayawa cikin foraj lokacin da famfo ke ja, zuwa bakin tanki, haɗe da ƙarfin da ke ɓacewa wajen gogayya cikin bututu, a ce mita 60. In ka ninka nauyin ruwan da ke wucewa a daƙiƙa da 9.81 da wannan tsayin, za ka samu wat 1,635. Famfo da injinsa ba sa mayar da duk wutar da suka ci aiki. In rabi suke mayarwa, kana bukatar kusan kilowat 3.3. Faifai kuma dole su wuce haka, domin ƙarfin da aka rubuta a bayansu a digiri 25 aka auna shi, a bazarar Damagaram kuwa jikin faifan yana wuce digiri 60, kowane digiri yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari, ga ƙurar hunturu a kai. In ka zaɓi siririn bututu don rage kuɗi, gogayya ta cinye maka abin da ka rage, tunda in gudun ruwa ya ninka biyu asarar kusan huɗu take ninkawa. Wannan duk ɗalibin shekara ta biyu yana iya shi.

Abin da ya fi wuya shi ne tambayar da ke gaba da wannan: rijiyar za ta iya ba da lita 10,000 a awa kuwa, kuma har shekara nawa? A nan garinmu ya bambanta da sauran. Duwatsun nan da ke tsaye a Birni ba ado ba ne kawai, garin gaba ɗaya a kan irin wannan dutsen yake zaune, kuma ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage ko ya ruɓe. Shi ya sa ruwan da muke sha daga waje ake jawo shi, Gogo da Machaya a kudu, Arunguza da Ganaram a arewa, shi ya sa kuma ƴan ga-ruwa ba sa rasa ciniki. Mutum zai haƙa foraj a nan ya samu ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tarar da busasshen dutse. Mai iya karanta ƙasa kafin a kawo motar haƙa, da mai iya gwajin ja don a san abin da rijiya za ta jure, ba su da yawa, kuma ma'aikatar ruwa da kamfanonin haƙa da ƙungiyoyin agaji duk suna neman su.

Hanyoyin shiga: gini a Maraɗi ko EMIG, domin ilimin gudun ruwa a cikin sashen gini yake, ko ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni sannan ka ƙware a ruwan ƙarƙashin ƙasa a mastar. A wannan na biyun bak D ɗinka ma riba ce, tunda ka fi ɗan C sanin duwatsu. Akwai cibiyar AGRHYMET a Yamai mai horar da masana ruwa da yanayi. Akwai kuma 2iE a Wagadugu, wadda a fannin ruwa sunanta ya zagaye Afirka, amma kuɗinta ba na gida irin namu ba ne sai da mai ɗaukar nauyi. Ka ajiye ta a lissafin mastar.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe, kowace hanya ka bi: estaj, wato zaman koyon aiki a wurin aiki. Kada ka jira sai makaranta ta tura ka. Kai ma ka fi ƴan ajinku sa'a, yayanka ya san masu foraj. Duk dogon hutu ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ka ko kyauta ne, ka ce a ba ka takardar shaida mai hatimi. In ana ɗaukar aiki abin da ake fara tambaya ke nan, wane shantiye ka taɓa tsayawa.

Na Kan Iyaka ya rubuta:

Ni a Najeriya na yi nawa, kanikanci, don haka bari in taɓa maganar kawu. Karatun injiniya a can shekara 5 ne a jere, ba takarda a tsakiya, da wata 6 na zama a masana'anta a shekara ta huɗu. Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano duk suna da tsangayar injiniya mai ƙarfi, kuma Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. A kasuwa da masallaci ba za ka ji baƙunta ba. A aji za ka ji ta, domin komai da Ingilishi ne, kuma Ingilishin lise ba ya isa a bi malamin tamodainamik. Akasarinmu sai da muka ba da lokaci ga harshen kafin mu shiga. Ga batun daidaita bak da takardunsu wajen shiga, in ka dawo kuma ga neman a daidaita digirinka da na gida kafin ka nemi aikin gwamnati. Ribar ita ce Ingilishin kansa: a harkar fetur da kamfanonin waje, mai Faransanci da Ingilishi yana gaba. Amma ga wanda ya ce ba zai iya ɓata shekara ba, ban ba shi shawarar ya fara da can ba. Ka yi na gida, ka riƙa koyon Ingilishi a gefe, mastar sai ka duba.

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mushe, na samo littafin C ɗin wurin wani maƙwabcinmu, na fara da kwamfleks. Anti Ƴar Ruwa, na sake lissafin nan da kaina na samu abin da kika samu, na nuna wa yayana, ya ce ashe shi ya sa wani lokaci ake ce musu su ƙara layin faifai. Yanzu zuciyata tana tsakanin gini da lantarki, amma duk biyun Maraɗi ne ko EMIG, don haka dosiyen bai canza ba.

Saura abu biyu. Na karanta wa Baba bayanin Yaya Mai Lantarki kan matata, ya yi shiru, sannan ya ce to wa zai ci da ni a Maraɗi. Yaya ake lissafin wannan? Sannan akwai wata makaranta mai zaman kanta da ke tallar takardar injiniya a rediyo, ana biya kaɗan-kaɗan, wai ba konkur. Ita fa? Kwamfuta kuma dole ce tun shekarar farko?

Mai Lantarki na Zengu ya rubuta:

Tambayar Baba ita ce tambaya. Ka ajiye dosiye a ANAB da zarar sun buɗe, su ke ba da bursu da tallafin ɗalibai, kuma maki da shekarun haihuwa suna cikin abin da ake dubawa. Ta wajensu ne kuma ake sanar da guraben da ƙasashe irin Aljeriya da Maroko ke bayarwa, ka sa ido, amma kada ka zauna jiransu. Ɗaki da abinci mai rahusa na hannun CROU, sai dai ɗakunan ba sa isar kowa, sabon ɗalibi ya shirya wa haya da abokai biyu ko uku. Ku zauna da Baba da yayanka ku rubuta kuɗin rajista, haya, abinci, kwafin darussa, kabu-kabu da motar zuwa gida, ku yi lissafin kamar babu bursu a watannin farko. In ta zo sai ta zama sauƙi. Ku kuma ƙara ƴan watanni a kan abin da takarda ta ce, domin shekarar karatu a jami'o'in gwamnati takan ja. Maraɗi tafiyar ƴan awoyi ce, buhun hatsi daga gida yana isa a ranar. Ga shi kuma kana da walda a hannu, garin kuwa cike yake da shagunan ƙarfe; aikin Asabar da Lahadi zai rage wa Baba nauyi, muddin bai ci lokacin lissafi ba.

Makaranta mai zaman kanta akwai nagari akwai na banza, kuma rediyo ba ya bambance su. Ka je da ƙafarka. Ka ce a nuna maka izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi na wannan sashen takamaimai, ba na makarantar gaba ɗaya ba, ka tambaya ko CAMES, hukumar tantance takardun jami'o'i ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta amince da takardar. Sannan ka ce a kai ka ɗakin gwaji. In lantarki ne ka ga injuna da na'urorin awo a kan tebur suna aiki, in gini ne ka ga injin matse kankare da kayan awon fili. In aka ce maka kayan suna hanya, ka yi sallama.

Kwamfuta ba dole ba ce a samista na farko, kalkuleta mai kyau da kayan zane sun fi ta gaggawa. Daga shekara ta biyu za ka bukace ta saboda manhajar zane ta AutoCAD da rubuta rahoton estaj. Ta hannu ta isa, ka dai duba batirinta ya riƙe wuta kuma ƙwaƙwalwarta ta kai giga 8. Takardun dosiye kuwa ka fara tun gobe: takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, shaidar bak, takardar maki, hotuna, kowacce ka yi kwafi da yawa a buga maka hatimi a lokaci ɗaya, don layin ma'aikatar magajin gari yana tsawo in an kusa rufewa. In konkur ɗin ya kai ka Yamai ka yi mini magana ta akwatin saƙo, akwai ƴan Damagaram a Harobanda da ke sauke sababbi.